Ƙwan Zabi da Barorin Ƙasan Allo

A wani gari na bakin fadama an yi wani mutum wanda sana'arsa ƙyanƙyasar ƙwai ce. Ba kaza ke yi masa kwanci ba, inji ne. A bayan gidansa yana da ɗaki mai rufin kwano, ya shimfiɗa ciyawa mai kauri a bisa kwanon, ya danne ta da itatuwa, don kada rana ta gasa abin da ke ciki. A cikin ɗakin akwai babban akwati mai hawa-hawa inda ake jera ƙwai. A kusurwa kuma akwai ɗan tebur, a kan teburin wata ƙaramar kwamfuta wadda ba ta kai kwanon sha girma ba. Ita ce mai lura da akwatin. Ita take ɗumama shi in ya yi sanyi, ita take juya ƙwan a kan kari, kamar yadda kaza takan yi da bakinta. Wutar kuwa daga farantan sola take zuwa.

Kowa ya san halin zabuwa. Da damina ta sauka sai ta shiga daji ta yi ta zuba ƙwai a gindin ƙaya, amma ba ta da haƙurin kwanci. Motsi kaɗan, ta tashi ta bar su. Saboda haka matan garin sukan bi sawunta, su kwaso ƙwan, su kawo wa mutumin nan. Kowace takan yi wa nata alama, wata da gawayi, wata da lalle, shi kuma ya ba kowace gurbinta a cikin akwatin, an raba da waya don kada 'ya'yan su gauraya. In an ƙyanƙyashe sai ya ɗauki rabonsa, ta ɗauki nata.

Mutumin bai san yadda aka haɗa kwamfutar ba. Taubashinsa ne ya haɗa masa ita, wato ɗan kawunsa, wanda ya koyi aikin a birni, can kuma yake zaune. Abu ɗaya mutumin ya roƙa a ƙara masa, aka kuwa ƙara, wato wani babban allo kamar talabijin, a rataye a zaure. A kan allon ana ganin hoton akwatin, kore in lafiya, ja in akwai damuwa, ga kuma wani ɗan tsako na zane yana kai da kawowa yana tonon ƙasa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya kallo. Mutumin yana ƙaunar allon nan ƙwarai.

Wata shekara zabi suka yi ƙwai fiye da kullum, har akwatin ya cika. Sai mutumin ya sayi wani ƙarami, ya aika wa taubashinsa ya zo ya haɗa shi da kwamfutar.

Ran kasuwa taubashin ya iso. Tun daga ƙofa yake cewa, "Ina bawan gidanmu? Fito ka karɓi jaka, uban gidanka ya zo."

Mutumin ya ce, "Wane uban gida ne yake zuwa a bayan motar awaki? Shigo dai, na san ƙamshin miya ne ya kawo ka."

Da suka ci, taubashin ya shiga ɗakin ya haɗa ƙaramin akwatin. Yana cikin aiki sai mutumin ya ce, "Abar nan taka ta fara lalaci. In na taɓa ta sai ta tsaya tunani, kamar tsohon da aka tambaya shekarunsa. Ga zafi tana yi."

Taubashin ya ce, "To zo ka leƙa cikinta."

Ya jawo wani ƙaramin allo da madannai, ya haɗa su da kwamfutar. Allon baƙi ƙirin ne, ba hoto, ba launi, sai wata 'yar farar alama tana ƙyaftawa a kusurwa. Ya ce, "Nan babu tsako mai rawa. Nan baki da baki ake magana da ita. Ka rubuta umarni, ta amsa maka da abin da yake akwai, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba."

Ya rubuta wata gajeriyar kalma, ya danna.

Sai allon ya cika da layuka tun daga sama har ƙasa. Ba su kuwa tsaya wuri ɗaya ba. Kafin mutum ya ja numfashi biyu sun sauya, wannan ya hau, wancan ya sauka, wani ya ɓace, wani sabo ya fito. A dā mutumin yana tsammani abu ɗaya ne a cikin kwamfutar, kamar jaki guda da ake ɗora wa kaya. Ga shi ashe taro ne, kowa yana kan sha'aninsa, tun shekarun da abin yake a kusurwar ɗakinsa, shi kuwa bai sani ba. Ya tuna ranar da ya fara haska ƙwai da tocila a cikin duhun ɗaki, ya ga jijiyoyi ja sun bazu a cikin ɓawo, da wani ɗan ɗigo yana bugawa. 

Ya ce a hankali, "Duk waɗannan a cikin ɗan abin nan suke?"

Taubashin ya ce, "Duk. Na sama ma kaɗai kake gani, akwai wasu a ƙasa da allon bai ɗauka ba. Ka ɗauke su kamar barorin gida. Kowane layi bara ɗaya ne da ke bakin aiki yanzu. Ga lambarsa, ga sunansa, ga sunan mai shi. Nan kuma ga yawan ƙarfin na'urar da yake ci. Mai ci da yawa shi ke hawa sama."

"Na can bisan fa, da ya cinye fiye da rabi shi kaɗai?"

"Tsakonka ne na zaure."

Mutumin ya ce, "Wannan ai aiki yake yi, kowa ma yana gani."

Taubashin ya yi dariya, ya ce, "Yana da ci dai, kamar mai shi."

Mutumin ya sa aka koya masa kalmar dubawa, ya yi ta maimaitawa har ya iya. Sa'an nan ya ce, "In bara ya ƙi aiki fa, yaya ake sallamarsa?"

Taubashin ya ce, "Akwai kalmar kisa. Ka rubuta ta, ka bi ta da lambar baran, shi ke nan ya tafi. Amma ba a ba bawa wuƙa."

Mutumin ya ce, "Gidana ne. In ga barorina, a ce ban isa in kori ko ɗaya ba?" Ya yi ta matsa masa, har ya koya masa.

Rana ta yi sanyi, motar ƙarshe tana shirin tashi. Taubashin ya rubuta wani abu da gaggawa, ya ce, "Na tayar wa sabon akwatin mai tsaronsa, amma da hannu na tashe shi, ban gama danƙa shi inda ya kamata ba. In na komo zan ƙarasa. Kafin nan, ka duba iyakar son ranka, amma kada ka taɓa kowa."

Mutumin ya ce to, idonsa yana kan layukan. Bai tambayi wanne ne mai tsaron ba.

Akwai wata tsohuwa gwauruwa a garin, ƙafa ta gaza mata, sai da sanda. Mijinta ya bar mata fararen zabi, irin da ba wanda yake da su a duk yankin, amma shekaru sun cinye su, saura zabo ɗaya da zabuwa ɗaya. Kashegari ta zo da ƙwarya cike da dusa, ƙwai a binne a ciki, kowanne da ɗigon shuni.

Ta ce, "Ɗana, ga su nan. Da jan gindi na bi zabuwar har na ga sheƙar. Ta tsufa kamar ni, ba na tsammanin za ta ƙara wata damina. In waɗannan suka fito, irin bai yanke ba."

Mutumin ya ce, "Kwantar da ranki, Iya. Sabon akwati ma zan sa miki su."

Aka jera su a ƙaramin akwatin tare da na waɗansu mata. Gurbin ya cika, ƙwai biyu suka rage a ƙwarya. Matar mutumin ta ɗauke su, ta sama musu lungu a babban akwatin.

Daga ran nan mutumin ya kamu da kallon baƙin allo. Da ya dawo daga gona sai ya shiga ya rubuta kalmar dubawa, ya zauna. Ya koyi gangarawa ƙasa, inda taubashinsa ya ce akwai wasu. Abin da ya tarar a can ya ɓata masa rai. Layi bayan layi, a gurbin ƙarfin da suke ci, sifili ne. Ya dube su yau, ya dube su gobe, ba su motsa ba. Ya ce a ransa, "Ashe ga abin da ya nauyaya mini na'ura. Gida cike da 'yan cima-zaune. Na sama suna gumi, waɗannan suna kwance."

Sai ya rubuta kalmar kisa, ya bi ta da lambar ɗaya daga cikinsu. Kwamfutar ta amsa da ɗan layi guda, cewa ba shi da iko a kan wannan. Ya gwada wani, ta ƙi. Ya gwada wani kuma, ta ƙi. Ransa ya ƙara ɓaci. Ya yi ta nema, har ya sami biyu da sunansa yake rubuce a gefensu a matsayin mai su. Sunayensu sun yi kama da juna, guntayen kalmomi ne da bai san ma'anarsu ba. Ya rubuta lambar na fari, ya danna. Kwamfutar ba ta ce kome ba. Ya rubuta ta na biyun, ba ta ce kome ba. Ba kuka, ba ƙara, ba jini. Ya rufe allon, ya fita.

Ya ce wa matarsa, "Yau na rage malalata biyu."

Ta ce, "Maigida, ba an ce kada ka taɓa ba?"

Ya ce, "Je ki duba zaure. Kore ne ko ja?"

Kore ne. Kashegari ma kore ne, haka kuma kwanakin da suka biyo. Na'urar dai ba ta daina nauyi ba, amma mutumin bai so ya lura da wannan ba.

Ana nan, sai wani dare aka yi hadari mai iska ƙwarai, iskar ta yaye ciyawar da ke bisa rufin ɗakin, ta watsar da ita a fadama. Gari ya waye garau, ba ko ɗigon gajimare. Mutumin ya ce da yamma zai sake rufawa, ya tafi gona, gama ƙasa ta yi laushi. Rana ta hau, ta zauna a bisa kwano tsirara. Ɗakin ya zama tanda.

Da tsakar rana matar ta ji ƙararrawa tana bugawa daga bayan gida, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta aika a kira mijinta, ya zo a guje. Da ya ratsa ta zaure ya ɗaga kai, ya ga allon kore ne, tsakon kuwa ya tsaya cik da ƙafa ɗaya a sama. Zafi da nauyi sun sa hoton ya daskare tun da hantsi, yana ta nuna lafiyar da ta riga ta wuce.

Suka shiga ɗakin. Ƙararrawar daga babban akwatin take fitowa. Suka tarar kafofin iskarsa duk sun buɗe da kansu, fanka tana hurawa. Suka jiƙa buhuna suka lulluɓe shi, suka yi ta zuba ruwa a ƙasa, suka kira maƙwabta aka hau rufin da zana.

Matar ta ce, "Ƙaramin fa?"

Mutumin ya ce, "Wanda ya yi kuka shi ke da ciwo. Wancan shiru yake yi, lafiyarsa ƙalau."

Sai da la'asar, bayan ƙararrawar ta yi shiru, ya kai hannu ga murfin ƙaramin akwatin. Ƙarfen ya ƙona shi. Kafofinsa a rufe suke, fankarsa ba ta ko juya ba. Ya ɗauki ƙwai ɗaya mai ɗigon shuni, ya rufe ƙofa, ya haska shi da tocila. Jijiyoyin suna nan, ɗan abin ma yana nan har ya fara kama siffa, amma ba ya motsi. Ya haska na biyu, ya haska na uku. Ya bi su duka ɗaya-ɗaya, ko da yake tun a na farko ya sani.

Kashegari taubashin ya zo. A wannan karo bai nemi bawan gidansu ba. Ya zauna gaban baƙin allo, ya rubuta wata kalma dabam. Sai layukan suka sake tsari, suka zama kamar itace mai rassa, kowane bara a ƙarƙashin wanda ya tashe shi.

Ya ce, "Dubi nan. Ba wanda ya tashi kansa. Wannan wancan ne ya tashe shi, wancan kuma na bisansa. Bi su da yatsa."

Mutumin ya bi reshe zuwa reshe, ya ga duka suna komawa ga layi ɗaya a can bisa, mai lamba ɗaya.

Taubashin ya ce, "Shi ne na fari. Da aka kunna wuta shi ya fara tashi, sauran duk ta wurinsa suka zo. Dubi abin da yake ci, kusan sifili ne shi ma. In uban wani bara ya mutu ya bar shi maraya, shi yake ɗaukarsa ya zama nasa. Kalmar kisan nan taka ba ta kama shi, ko ka kwana kana rubuta ta."

Sa'an nan ya gangara, ya sa yatsa a kan wani layi. Mutumin ya gane sunan, ɗaya ne daga cikin biyun da ya kashe.

Ya ce, "Ai na kashe wannan. Da hannuna na kashe shi."

Taubashin ya ce, "Ka kashe shi. Dubi lambarsa, ba ita ce ta dā ba, sabuwa ce. Dubi kuma lokacin da ya tashi. Ranar nan ce, sa'ar nan ce. Kafin ka ɗauke yatsanka daga madanni, na fari ya riga ya tashe shi. Mai tsaron babban akwati ke nan. Tun ranar da na haɗa shi na danƙa sunansa ga na fari, na ce duk sa'ad da wannan ya faɗi, ka tashe shi. Aikinsa ɗaya ne tak, ya zuba ido ga ma'aunin zafi, ya jira. Shekara da shekaru yana jira, bai taɓa cin ƙarfin da za ka gani ba, sai jiya."

Mutumin ya daɗe yana duban layin. Sifili ne a gefensa, kamar dā.

Ya ce, "Ɗayan fa?"

Taubashin ya bi rassan duka, bai same shi ba. Ya ce, "Wancan ni na tashe shi da hannuna, ina sauri in kama mota. Ban danƙa sunansa ba. Da ka kashe shi ba wanda aka ce wa ya tashe shi. Laifin namu ne mu biyu, ɗan'uwa."

Da yamma mutumin ya tafi gidan gwauruwar. Ya same ta zaune a dokin ƙofa tana watsa wa tsohon zabon tsaba. Zabuwar ta riga ta daina ƙwai. Ya durƙusa, ya faɗa mata duk yadda aka yi, bai rage kome ba.

Ta ci gaba da watsa tsaba har zabon ya gama ci. Sa'an nan ta ce, "Wa ka ce ka kora?"

Ya ce, "Wani ne da na ga ba ya yin kome, Iya."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "To Allah ya sa kada a ba ka irin allon nan a majami'a, ɗana. Da ni za ka fara."

Mutumin ya koma gida, ya sauke babban allon daga zaure, ya zare wayarsa daga kwamfutar, ya jingine shi fuskarsa ga bango. Nan take na'urar ta yi sauƙi, zafinta ya sauka.

Da kwanaki suka cika, babban akwatin ya fara ƙyanƙyasa. Ɓawo ya yi ta tsagewa, ɗakin ya cika da kukan 'ya'yan zabi masu zane-zane a baya. Matar mutumin ta tuna da ƙwai biyun nan, ta leƙa lungun. Ɗaya ya zama baragurbi. Kusa da shi kuwa ga ɓawo mai ɗigon shuni a fashe, ga wani ɗan abu fari fat yana rawar sanyi, gashinsa bai gama bushewa ba.

Mutumin ya sa shi a tafin hannunsa, ya rufe da ɗaya hannun, ya ratsa gari a hankali. Gwauruwar ta karɓa, ta kai shi kusa da idonta, gama ganinta ya ragu. Ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Wanda aka tasa ɗin nan ne ya tsare mini shi?"

Ya ce, "Shi ne, Iya."

Ta ce, "To ka bar shi ya yi ta zamansa."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa, bari mu bi ta a hankali.

Mutumin nan ni ne da ku. Kowannenmu yana da allo biyu. Akwai na zaure, wanda muke rataye wa baƙi, mai launi da motsi, shi ne kuwa yake cinye fiye da rabin ƙarfinmu. Suna, da yabo, da a ce wane yana ƙoƙari. Ku lura, ranar wahala shi ne ya daskare, yana nuna kore alhali ɗaki yana ƙuna. Akwai kuma baƙin allo na ɗakin baya, inda mutum yake tsayawa gaban Allah ba ado, ya tambaya, a amsa masa da abin da yake akwai. Ba laifi ba ne mutum ya duba can. Ya kamata ma ya duba kullum, ya ga abin da ke gudana a cikinsa, da abin da ke cin ransa. Kuskuren mutumin shi ne, an nuna masa mai cin da sunansa, amma da yake yana ƙaunarsa, sai ya gangara ƙasa neman wanda zai ɗora wa laifi.

Barorin ƙasan allo su ne masu jira. A cikin zuciya, lamiri ne, wanda yakan yi shekara bai ce uffan ba, sai ranar da zafi ya wuce misali. Mutum yana iya kashe shi, ba kuwa za a ji ƙara ba. Gobe ma gari zai waye kore. Amma daga ran nan shirunsa ba na lafiya ba ne. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro a cikin misalin duka, cewa akwatin da ya yi kuka shi ya tsira. In zuciyarka tana damunka a kan wani abu, ka gode wa Allah, mai tsaronka yana da rai.

A cikin ikilisiya kuma, masu jira su ne waɗanda ba a kiran sunansu ranar godiya. Manyanku za su tuna da Gwoggo Damaris, wadda takan zauna a bencin baya kusa da taga. Ba ta waƙa, muryar ta tafi. Ba ta cikin kowane kwamiti. In an auna ta da ma'auninmu, sifili za a rubuta. Amma ita ce takan lura in wani ya yi Lahadi biyu bai zo ba, ta ja sandarta har ƙofarsa. Ita ce takan ambaci yaran unguwa da sunayensu a gaban Ubangiji, har waɗanda iyayensu suka gaji da ambata. Tun da aka binne ta benci yana nan, taga tana nan, mutane kuma suna ɓacewa daga cikinmu ba ƙararrawa. Tsararta sun kusa ƙarewa. Ban ga masu neman gurbinsu da yawa ba, gama kowa sama yake so ya hau.

Ku tuna kuma sau nawa na'urar ta ce wa mutumin ba shi da iko. Ya ji haushi, bai san jinƙai ake yi masa ba. Da an bar masa kowa, da ba abin da zai ragu a ɗakin nan. Haka Allah yakan hana mu abubuwa, mu yi ta gunaguni.

Saura na fari. A nan dole in yi hattara, domin misali inuwa ce kawai. Na farin da ke cikin kwamfuta aikin hannun mutum ne, in an zare wuta shi ma ya tafi. Ubangijinmu ba mai zare masa wuta. Amma ku dubi abin da inuwar take nunawa. Ba wanda ya tashi kansa. Ka bi uwarka, ka bi kakarka, ka bi har inda sunaye suka ƙare, reshen yana komawa wuri ɗaya. Yana nan tun kafin kowa, ba ya hayaniya, har masu duban sama-sama sukan ce ba ya yin kome. Shi yake ɗaukar marayu. Taron da ke numfashi a duniya a wannan sa'a, da waɗanda ke cikin ciki, da ɗan ɗigon da ke bugawa a cikin ƙwai, duk a buɗe suke a gabansa, ba wanda ya faɗa ƙasan allo inda ido bai kai ba. In na zauna ina tunanin wannan, bakina yakan mutu.

Masu tsaron nan biyu aikinsu ɗaya, amincinsu ɗaya, hannu ɗaya ne kuma ya kashe su. Abin da ya raba su shi ne, an danƙa sunan ɗaya, na ɗayan an ce sai an komo. Kada ka ce sai ka komo. Mai sauri ya kama mota bai san iska tana zuwa ba. Ka danƙa ranka ga Yesu Almasihu tun yau, da na 'ya'yanka, da na wanda ka daɗe kana cewa za ka yi masa addu'a. Mutuwa za ta rubuta lambarka, wannan ba makawa, ta rubuta ta waɗanda suka fi mu. Amma wanda sunansa yake hannun Ubangiji, kafin ta ɗauke yatsanta an riga an tashe shi.

Bari mu sunkuyar da kanmu. Kowa ya ambaci suna ɗaya a zuciyarsa, na wani da ke zaune a bencin baya.